JAN BIRO NA ZAMANI: YADDA NA'URA KE TONO KURAKURAN RUBUTUN HAUSA

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin akawu a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Rano ko ta Kibiya, ko kuwa ya leƙa ɗaya daga cikin shagunan da ake buga takardu a bakin kasuwa, ya san irin abin da yakan faru idan aka soma buga wasiƙar Hausa a kwamfuta. Kafin a gama layi biyu sai a ga jan zane ya bi ƙarƙashin kusan kowace kalma, kamar dai malamin makaranta ya fusata da littafin almajirinsa. Dalili kuwa shi ne, na'urar tana auna kalmomin da ma'aunin Ingilishi. Kalmomin da takan ƙyale su ne waɗanda suka yi katari da na Turawa a rubuce, irin su dare, da mace, da wake, da sake, da tare. Saboda haka sai mai bugun ya gaji, ya kashe jan zanen ɗungum, takarda ta fita da dukkan kurakuranta.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin da sanarwar rabon taki, da takardar gayyata zuwa fada, da yarjejeniyar jinginar gona duk da Hausa mutane suke karanta su. A ɗauka an buga takarda an ce, "An shigar da kara a fada." A ƙasar manoma irin ta Rano, inda karan dawa abin sayarwa ne da kaka, wannan magana ce mai ma'ana sosai, sai dai ba ita mai rubutun yake nufi ba. Ƙara yake nufi, watau wani ya kai kuka. Ƙugiya ɗaya da ta faɗi daga kan baƙi ita ce ta juya zancen shari'a ya koma zancen danga. Haka kuma wanda ya je fada daban yake da wanda ya je faɗa, kuma garin Daura ba shi ne ɗaura aure ba.

Akwai wata hanya mai sauƙi, wadda ba ta bukatar intanet ko sayen wata manhaja, da za a iya sa kwamfuta ta riƙa nuna kurakuran Hausa da ja kamar yadda take yi wa Ingilishi. Hanyar tsohuwa ce, ta shekara hamsin a duniya, kuma ɗalibin da ya san abin da yake yi zai iya rubuta ta cikin layi uku ko huɗu.

ASALIN DABARAR

Cikin shekarar 1975 ne wani masani mai suna Steve Johnson, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke ƙasar Amurka, ya rubuta wani ɗan shiri mai suna spell don tsarin kwamfuta na Unix. Bai gina wani babban abu ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki ƙananan shirye-shiryen da ake da su, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fito daga bakin wannan ya faɗa hannun wancan, kamar yadda ruwan rafi yake bin kwali zuwa kwali a fadama. Wannan hanyar haɗa shirye-shirye, da ake kira bututu, ta shiga Unix ne a 1973 bisa nacin wani abokin aikinsa, Douglas McIlroy. Wanda yake karɓar umarnin mutum ya rarraba wa waɗannan ƙananan shirye-shirye shi ne ake kira shel, watau kamar dillali tsakanin mutum da na'ura. Idan aka rubuta umarnin a fayil aka ajiye domin a riƙa maimaita shi, shi ne jerin umarnin shel.

Tunanin da ke ciki bai fi na mai tsince tsakuwa daga shinkafa wuya ba. Da farko a warware takarda a fitar da kalmominta, kowace kalma a layinta. Na biyu, a mai da manyan baƙaƙe ƙanana. Na uku, a jera kalmomin bi da bi, a zubar da maimaici. Na huɗu, a gwada su da jerin kalmomin da aka tabbatar daidai suke. Duk kalmar da ke cikin takarda amma ba ta cikin jerin, ita ce abar zargi. Na'urar ba ta san nahawu ba, ba ta san ma'ana ba, gwadawa kurum take yi.

A 1978 McIlroy ya sake rubuta shirin, domin injin PDP-11 da suke aiki da shi ba ya ba shiri ɗaya wurin da ya wuce kilobait 64. Sai ya rage jerin zuwa tushen kalmomi kimanin 30,000, ya koya wa shirin yadda zai ɓare ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya kafin ya duba. Jan zane mai lanƙwasa da kowa ya sani a yau ya zo ne daga baya, cikin Microsoft Word na 1995. Manhajar tace rubutu ta Vim kuwa, wadda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ba ta sami nata mai duba kurakurai ba sai a 2006.

INDA HAUSA TA BAMBANTA

To, amma wanda ya kwafo tsohon umarnin nan daga littattafan Turawa ya ɗora shi a kan wasiƙar Hausa, zai sha mamaki. Yawancin misalan da ke cikin littattafan suna gaya wa na'ura cewa baƙi shi ne abin da ke tsakanin A da Z kaɗai, duk wani abu kuwa iyaka ce tsakanin kalmomi. Da wannan hukunci, ɗalibi sai ya koma alibi, Ƙaraye ta koma araye, haƙuri ya tsage biyu ya zama ha da uri. Ma'aikaci ya rabu gida biyu a kan alhamzarsa, 'ya'ya kuma su zama ya da ya, su wuce ba wanda ya tare su.

Tushen wannan matsala yana da tarihi ta ɓangarori biyu. Ta ɓangaren Hausa, Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, kuma a 1912 ya buga ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da boko. Baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, sun kankama ne daga baya, cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake riƙe da aikin talifi a Zariya, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita cikin watan Janairu 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ita ta kai su lunguna da saƙo. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an kuma yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk da haka har yanzu abin da ake rubutawa 'y a Kano, a Maraɗi ƴ ake rubuta shi.

Ta ɓangaren na'ura kuwa, tsarin lambobin baƙaƙe na ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 gurbi 128 gare shi, ba kuwa ko ɗaya na Bahaushe. Sai da tsarin Unicode ya fito a 1991 sa'an nan ƙugiyoyin suka sami lambobinsu na dindindin. A hanyar ajiya ta UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin k bait ɗaya yake ci, amma ƙ bait biyu. Shirin tr na GNU, wanda da shi aka saba yanka kalmomi, bait-bait yake lissafi, don haka ba ya gane cewa biyun nan abu guda ne. Maganin wannan shi ne a bar shi, a yi aiki da grep da sed, waɗanda suke gane cikakken harafi muddin an saita na'urar a kan UTF-8.

Alhamza ita ma tana da nata rikicin. Abin da ido yake gani alama ɗaya, a wurin na'ura alamomi ne aƙalla uku masu lambobi daban-daban: miƙaƙƙiyar da ke kan allon bugu, da lanƙwasasshiyar da Word yake musanyawa da kansa, da kuma wadda Unicode ya ware a matsayin harafi. Idan jerin kalmomi yana da sana'a da miƙaƙƙiya, takarda kuma ta zo da lanƙwasasshiya, na'ura za ta rantse kalmomi biyu ne. Saboda haka aikin farko shi ne a sa sed ya mai da su duka iri ɗaya.

YADDA AKE HAƊA SHI

Bayan an daidaita alhamza, a ce takardar tana cikin fayil mai suna wasika.txt, jerin ingantattun kalmomi kuma yana cikin kalmomi.txt, to zuciyar aikin layi ɗaya ce:

grep -oE "[[:alpha:]']+" wasika.txt | sed 's/.*/\L&/' | sort -u | grep -vxFf kalmomi.txt > zargi.txt

Kowace sanda a tsaye bututu ce. Shiri na farko yana tsamo duk wani jerin baƙaƙe haɗe da alhamza. Na biyu yana ƙanƙantar da manyan baƙaƙe, har da Ƙ da Ɗ da Ɓ. Na uku yana jerawa ya zubar da maimaici. Na ƙarshe yana riƙe kalmomin da bai samu cikin jerin ba, ya zuba su a fayil na uku.

Sauran aiki shi ne nuna su a inda suke, domin jerin kurakurai a takarda daban ba ya amfanar akawun da ke da wasiƙa mai shafi biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce a sake kiran grep, a ba shi fayil ɗin zargi, a ce ya nuna layukan da kalmomin suke tare da lambar kowane layi, ya kuma rina kalmomin da ja. Wanda yake son ya gan su cikin manhajar da yake rubutu, domin ya gyara nan take, sai ya sa shel ya harhaɗa kalmomin su zama abin nema guda, ya miƙa wa Vim ta umarninsa na match yayin buɗe takardar. Nan da nan kalmomin za su fito da launi a tsakiyar rubutu. Vim ma yana da umarnin mkspell wanda zai karɓi jerin kalmomin Hausa ya mai da shi ƙamusunsa, daga nan ya riƙa ja wa kuskure layi tun ana cikin bugu, kuma da danna zg ake ƙara masa sabuwar kalma.

Dukan waɗannan shirye-shirye kyauta ne, suna zuwa tare da tsarin Linux. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta kuwa, akwai manhajar Termux ta wayoyin Android, wadda ake iya sa bash da grep da sed da Vim a cikinta. Ɗaliban makarantar fasahar raya karkara da ke Rano, reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ba su rasa kayan da za su gwada wannan da shi ba.

JERIN KALMOMIN SHI NE AIKIN

Rubuta umarnin aikin yini ɗaya ne. Tara kalmomin shi ne noman, kuma nan ne ake bukatar malamin Hausa fiye da masanin kwamfuta.

Kalmar Hausa ba ta zama da riga ɗaya. Gida kaɗai yana haifar da gidan, gidana, gidanka, gidanki, gidansa, gidanta, gidanmu, gidanku da gidansu. A zo kan gidaje a sake lissafin daga farko. Aikatau kuma yana da nasa rassan: daga tushe guda ake samun saya, sayi, saye, sayo, sayar da sayu. Ƙamus yakan kawo kan kalma ne kaɗai, don haka ko da an kwafe ƙamusun Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, na'ura za ta ci gaba da zargin rabin abin da ke cikin wasiƙa.

Hanya biyu ce. Ko dai a bi sawun McIlroy a koya wa sed ya ɓare ɗafa-ƙeya kafin gwaji, ko kuwa a rubuta kowace siga a jerin. Ta farko tana da tarko. Idan aka ce a cire -n da -r daga ƙarshen kowace kalma ba tare da duba jinsi ba, to gidar da motan za su wuce lafiya lau, alhali kuwa gida namiji ne, mota kuma mace. McIlroy da kansa sai da ya ajiye wani jerin na daban na kalmomin banza da ɓarewar takan halatta. Tun da yake wayar da ke aljihun ɗan sakandare a yau ta fi injinsa wuri nesa ba kusa ba, babu dalilin yin tsimi. Rubuta kowace siga ya fi aminci.

Inda za a samo kalmomin shi ne daga rubutun da aka riga aka tace da kyau, irin littattafan makaranta. Da ɗan sauyi kaɗan, umarnin nan na sama zai ƙidaya sau nawa kowace kalma ta fito, ya jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, malami kuma ya bi su da ido yana soke na sokewa. Mutum ɗaya da zai duba kalma 100 kullum zai tace 3,000 a wata, mutum goma kuwa 30,000. Abin da ya kamata a guje shi ne kwaso kalmomi daga dandalin sada zumunta, inda yawancin masu rubutu suka yar da ƙugiya suka kuma haɗe abin da ya kamata a raba. Jerin da aka gina da irin wannan rubutu zai zama alƙalin da ya ci hanci tun kafin a zauna shari'a: zai wanke zasu da kudi da dalibai, ya kama za su idan an yi sakaci.

Sai kuma batun karin harshe. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, saboda haka mutanen Rano da Kibiya ba su da nisa da ita. Amma Basakkwacen da aka yi wa canjin aiki zuwa can zai ga ja a ƙarƙashin kalmomin da ya tashi da su. Wannan ba ya nufin harshensa kuskure ne. Jerin na takardun ofis da na jarrabawa ne, inda ƙa'idojin rubutu suke cikin manhajar Hausa ta WAEC da NECO.

ABIN DA BA ZA TA GANI BA

Na'urar za ta kama zasu, da shine, da itace idan ba a sa sunan makamashi a jerin ba. Amma ai dole a sa shi, tun da itace kalma ce, kuma daga ranar da aka sa shi, wanda ya rubuta "itace ta zo" maimakon "ita ce ta zo" ya tsira. Haka akan da a kan: na farko na sabo ne, kamar a ce akan yi ruwa da Agusta, na biyu kuwa na wuri ne. Haka kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, kura da ƙura, doki da ɗoki, bata da ɓata, da kuma da da ɗa. Dukansu halattattu ne, don haka misalin nan na kara da ƙara da aka fara da shi zai wuce ta gaban umarnin ba ko tari. Lalle wannan babban gibi ne, domin faɗuwar ƙugiya ita ce kuskuren da ya fi yawa a rubutun kwamfuta.

Dabarar da ta dace a nan ita ce a yi jeri na biyu, na tagwayen kalmomi, a sa Vim ya rina su da wani launi daban, misali rawaya. Ja yana cewa wannan kalma ba a san ta ba. Rawaya kuwa yana cewa an san ta, amma tana da 'yar'uwa, a sake dubawa. Ba lalle a sa da a wannan jeri ba, don kada shafi duka ya koma rawaya, amma sauran ba su da yawan da za su gajiyar da ido. Jeri na uku shi ne na kalmomin da akan raba bisa kuskure, irin ya na, da ta na, da su ka, da gidan sa. Tun da umarnin farko kalma ɗaya-ɗaya yake dubawa, ba zai gan su ba sai an neme su a matsayin jimla. A nan ma sai an yi hattara, domin "su na Audu ne" daidai yake.

Akwai kuma abin da rubutun boko da kansa ya ɓoye. Ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke kama ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. A tarihin Hausa Bakwai ana kiran Kano da Rano sarakunan baba, watau shuken da ake rini da shi, amma yaron da ya tsinci kalmar a takarda ba tare da bayani ba zai zaci mahaifi ake nufi. Wannan ba kuskuren rubutu ba ne, don haka babu abin da jan biro zai yi a kai.

SUNAYEN GARURUWA

Tun da aka kafa masarautar Rano a 2019, aka rushe ta a 2024, aka kuma maido ta cikin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, takardun da ke ɗauke da sunayen garuruwan yankin ba su daina kai da komowa tsakanin fada da sakatariya da Kano ba. Babu ƙamusun da zai kawo Rurum, ko Zurgu, ko Lausu, ko Tarai, ko Fammar, ko Durba, ko Ruwan Bago. Sai akawun da ya san ƙasar ya zauna ya rubuta su da hannunsa, kuma ya fi kyau ya ajiye su a fayil dabam, da manyan baƙaƙensu, a gwada su kafin a ƙanƙantar da baƙaƙe. In ba haka ba, da zarar daura ta shiga babban jeri saboda sunan gari, duk wanda ya manta ƙugiyar ɗaura ya kuɓuta.

A nan ne kuma za a yanke shawarar da ba ta na'ura ba ce. Takardun Ingilishi suna rubuta Bichi da Bauchi, ƙa'idar Hausa kuwa Bici da Bauci ta sani. Ofis sai ya zaɓi ɗaya don wasiƙunsa na Hausa ya sa a jeri, ɗayar ta riƙa fitowa da ja. Kibiya tana da nata sha'anin, da yake sunan garin shi ne kuma sunan abin da maharbi yake ɗana wa baka, saboda haka ko an rubuta shi da ƙaramin baƙi na'ura ba za ta yi magana ba. Rano kuwa, idan yatsa ya zame ya buga Rana ko Kano, kalma ce ingantacciya ta fito, kuma takardar da aka nufa da Autan Bawo tana iya kama hanyar birni. Akawun da ya san haka sai ya sa sunayen nan uku cikin jerin rawaya, domin su riƙa tsayar masa da ido kafin ya kai wa sakatare ya sa hannu.